Ƴan hulunan ƙoda da ƙwayar ƙiba

Wani manomi ne a ƙasar Tasawa, ya ba shekara 50 baya. Ran nan da kaka yana kwasar hatsi a gona. Ya ɗaga wani dami, sai ga kububuwa kwance ƙarƙashi. Bai san sa'ad da ya yi tsalle ba. Da hankalinsa ya komo, ga shi can nesa da damin, zuciya na bugawa, baki ya bushe, hannu na makyarkyata. Mutumin da kullum yake kukan ciwon gwiwa! Yara suka yi ta dariya.

Jama'a, ba gwiwar ce ta warke ba. Bisa kowace ƙoda ta mutum akwai wani ɗan nama zaune kamar hula. Guda biyu ne, dama da hagu. Likitoci suna ce musu adirenal, mu kuwa mu ce ƴan hulunan ƙoda. Kowane ɗaya nauyinsa wajen giram 5 ne, kamar ƙwayar sukari guda ta cikin kwali. Dabbobi ma suna da su, ɓoye cikin kitse kusa da ƙoda.

Da ido ya ga maciji, ƙwaƙwalwa ta aika musu. Nan take tsakiyarsu ta zuba wani ruwa cikin jini, sunansa adirenalin. Zuciya ta ƙara gudu, hanta ta saki sukari, jini ya bar hanji ya koma ƙafafu da hannuwa. Shi ne ƙarfin tsallen nan. Ba ya daɗewa. Kafin manomin ya gama ba da labari, jikinsa ya kwanta.

Bayan hulunan kuma, wato ɓawonsu, yana yin wani ruwa dabam, kortizol. Wannan na kullum ne. Yana yawa da asuba, ya ragu da tsakar dare. Shi ke riƙe bugun jini da sukarin jini in an sha yunwa, ko zazzaɓi, ko rauni, ko dogon tashin hankali. In babu shi sam, mutum ba ya rayuwa. Tun 1855 wani likita na Ingila, Tomas Adison, ya bayyana ciwon waɗanda hulunansu suka lalace: kasala, rama, fata ta ƙara duhu.

Manomin nan bai san ko ɗaya cikin wannan ba sai da ɗiyarsa ta kwanta.

Yarinya ce siririya, an sa ranar aurenta. Ƙawaye suka ce amarya ba ta kyau da rama. Ta sayi ƴan ƙwayoyi wajen mai tebur ran kasuwa, irin waɗanda ake ce wa maganin ƙiba. Wata uku tana sha a ɓoye. Fuska ta cika ta yi zagaye, ciki ya fito, mata suna yaba wa. Ba wanda ya lura ƙafafunta sun ƙara sirancewa. Da kuɗi suka ƙare, ta daina sha rana ɗaya. Ba a yi kwanaki ba sai amai, jiri, ko tsayuwa ba ta iyawa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Uban ya sa ta a amalanke sai gidan likita.

Likita ya gwada jininta, ya duba fuskarta, ya ce: "Baba, me yarinyar nan take sha?"

"Wallahi, likita, hura da tuwo."

Sai uwar ta kwance bakin zane, ta fiddo takardar ƙwayar. Dekisametazon ce.

Likita ya yi musu bayani. Wannan ƙwaya ƴar'uwar kortizol ce, amma ta fi shi ƙarfi nesa. Ƙwaƙwalwa tana lura da yawan abin da ke cikin jini. In ta ga ya ishe, sai ta daina aika wa hulunan ƙoda. Mako uku ko huɗu na shan ƙwaya kullum sun isa su fara barci. Kamar mutumin da ake kawo wa tuwo kullum ne har ya bar gonarsa ta yi ciyawa. Ran da tuwo ya yanke, rumbu babu kome. Ƙibar ma ba ta lafiya ba ce: kitse ne da ruwa ke taruwa a fuska da ciki, nama na zubewa, ƙashi na rauni, ciwon sukari da hawan jini na iya biyowa.

Ƙwayar dai magani ce ta gaske, tana ceton rai a hannun likita. Abin haushi shi ne yadda take yawo bisa tebur tare da alewa da ashana.

Abin da ya ba uban mamaki, likita bai hana ƙwayar ba. Ya yi mata allura, ya ɗaura mata ruwa, sa'an nan ya mai da ita bisa magani, ana ragewa kaɗan-kaɗan, don hulunan su farka. Ya ce farkawarsu tana iya ɗaukar watanni, kuma in zazzaɓi ya kama ta cikin wannan lokaci, a kawo ta ba jira.

Manomin ya tafi gidan surukai ya roƙi a ɗaga biki zuwa bayan damina. Ba su ji daɗi ba, amma sun yarda.