Adon Bindiga da Hannun Mai Harbi

Duk shekara idan watan Maulidi ya kama, Dagombawa suka fito bikin Damba, mu mutanen Zangon Tamale mukan tsaya gefen fili muna kallon Kambonsi, 'yan bindigar sarakunan Dagbon, kamar yadda ake kallon 'yan bindigar sarki a hawan sallar Kano. Yanzu samarinmu ma sun shiga sahu, a Damba da daren Bugum, kuma a nan ne hankalinmu ya ƙi kwanciya.

Saurayi zai kai bindigar toka wajen baduku a naɗe mata jar fata, a jera mata wuri da layu, a maƙala ɗan madubi a gindinta, ya ɗauki hoto ya sa a Facebook. Adon ya yi kyau, ba mu musa ba. Amma tambaye shi albarushi nawa bututunta zai ɗauka, sai ya yi murmushi. Shi dai burinsa tasa ta fi ta kowa ƙara.

Tsofaffin mafarautanmu ba ta nan suke farawa ba. Sai sun duba bututu ko tsatsa ta ci shi, domin yawancin bindigogin nan ƙirar maƙeran gida ce, ƙarfenta yana da iyaka. Albarushi da awo ake ɗura shi. Wanda ya ninka don neman suna, bututun ke tsagewa a hannunsa, ya tafi da yatsu, wani lokacin da idon na kusa da shi. Baki ba ya kallon mutum, ko da babu komai ciki. Yatsa ba ya taɓa kunama sai ƙafa ta kafu, kafaɗa ta riƙe, numfashi ya lafa. Idan kuma aka ja ta ƙi tashi, a dakata, kada a leƙa, don wuta takan yi jinkiri a cikin albarushi mai laima.

A Adibo, kusa da Yendi, ran 4 ga Disamba 1896, dubban mayaƙan Dagbon sanye da rigunan layu suka fuskanci 'yar rundunar Jamusawa. Jarumtaka ba ta gaza musu ba, amma bindigogin abokan gaba sun fi nisan zango da saurin ɗuri, kuma suna hannun sojojin da suka sha horon saiti. Yendi ta faɗi bayan haka.

Mu kuwa ba yaƙi muke yi ba, biki ne, a tsakiyar mata da yara. Dattawan da suka koya wa iyayenmu awon albarushi suna nan a zango, suna ta raguwa, kuma samarin da ke layi a rumfar baduku ba su cika zuwa zaurensu ba.