Waƙar Da Ta Tuna Min Da Baba

'Yan uwana mata, ni dai ban taɓa zaton zan yi kuka a gidan abinci a gaban Turawa ba, amma wallahi na yi, har da shessheƙa.

Shekara biyu ke nan da aurena, maigidana ya taho da ni Filadelfiya ta ƙasar Amurka inda yake karatu. Auren soyayya muka yi, amma sai da aka kai ruwa rana. Baba ya riga ya yi wa ɗan amininsa alkawari, ni kuwa na ƙeƙasa ƙasa na ce sam. Sai da Kawu da Gwaggo suka sa baki ya haƙura, ya ɗaura auren. Tun daga ranar, in na kira waya, daga "lafiya lau" sai ya miƙa wa Umma.

Ranar wata Asabar da sanyi kamar ya tsaga ƙashi, maigida ya ce in shirya zai kai ni cin abincin Italiya. Na ce, "Taliya dai? Ai da ka bari na dafa mana." Ya yi dariya kawai.

Sunan wurin Victor Café, a kan titin Dickinson da ke kudancin birnin, unguwar da 'yan Italiya suka daɗe da zama. Wani ɗan Italiya, John DiStefano, shi ya buɗe shi a 1918 yana sayar da garmaho da faifai, mutane na taruwa suna sauraro. A 1933 ya mai da shi gidan abinci. Bangon kuwa ko'ina hotunan mawaƙa ne, tsofaffi, babu masaka tsinke. Maigida ya raɗa min cewa a nan aka ɗauki wani sashe na fim ɗin Rocky Balboa na 2006. Ni ina ruwana da ɗan dambe, damuwata kada a sa min naman alade ko giya a miya. Sai da ya tambaya sau biyu, sannan na yarda da kifi da taliya mai tumatir.

Na kai loma uku ke nan sai na ji ƙararrawa. Kowa ya ajiye cokali, wuri ya yi tsit. Ashe yarinyar da ta kawo mana abincin ita ce za ta yi waƙa! Masu hidimar wurin mawaƙan opera ne, wato wasan kwaikwayon da ake yin zancensa duka da waƙa. Bayan kowane ɗan lokaci ɗayansu zai ajiye faranti ya rera, ya gama ya koma bakin aikinsa.

Kafin ta fara ta yi ɗan bayani. Waƙar daga wasan Gianni Schicchi ne na Puccini, wanda aka fara nunawa a New York a 1918. Wata budurwa ce, Lauretta, take roƙon mahaifinta ya bar ta ta auri saurayinta Rinuccio, in ba haka ba za ta faɗa kogin Arno. Gabana ya faɗi.

Ba lasifika a hannunta, amma muryar ta cika ɗakin har tsikar jikina ta tashi. Ko kalma ɗaya ta Italiyanci ban ji ba. Abin da na ji shi ne yadda take lallashi, tana marairaicewa kamar ƙaramar yarinya. Ni kuwa lokacin nawa ban lallashi Baba ba. Daina cin abinci na yi, na kulle ɗaki, na ce masa ko gawata ba za a kai gidan mutumin nan ba. A gaban ƙannena na faɗa. Sai yanzu na tuno yadda ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da buta, ya dube ni, bai ce uffan ba.

Waƙar ko minti uku ba ta kai ba. Ana ta tafi, ni ina share hawaye da gefen mayafi. Maigida ya rikice, "Lafiya? Ko barkono ne?" Allah sarki, namiji.

Tsakaninmu da Kano awa 6 ne a lokacin sanyi. Da muka koma gida ban kwanta ba, na zauna ina kallon agogo har sha biyun dare, lokacin da na san ya dawo daga masallaci yana lazimi. Na kira lambarsa shi da kansa, ba ta Umma ba. Sai da ta kusa tsinkewa ya ɗauka.

Na ce, "Baba, ni ce. Don Allah kada ka ba Umma, da kai nake son magana."

Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can ya yi gyaran murya ya ce, "Ina jin ki, Uwata."