Daga Birnin Kudu Zuwa Gwaram: Makarantar Da Ke Cikin Kwalekwale

Duk mai kallon finafinan Hausa ya san matsayin ruwa a cikinsu. Da an zo wajen waƙa, sai a kwashi jarumi da jaruma a kai su bakin dam irin na Tiga, a ɗora su a jirgi suna rausaya. Shi kuwa bawan Allahn da ke tuƙa jirgin, da wuya kyamara ta waiwaye shi, alhali a wajensa labarin yake. Mai son ya tabbatar da haka, to ya kama hanyar kudancin Jigawa.

Daga Kano, mota za ta bi ta Wudil, ta wuce Kwanar Huguma, ta sauke matafiyi a Birnin Kudu. Garin yana ƙarƙashin masarautar Dutse, kuma a Jihar Kano yake kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. Manyan duwatsu ne ke fara yi wa baƙo maraba. A jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen shanu da mutanen da can can suka bari, ga kuma duwatsun da ke amo kamar ƙararrawa idan an buga su. Bayan an kashe kwarkwatar ido, sai a nemi motar Gwaram, domin a can ruwan yake.

Kogin da ya ratsa ƙasar Gwaram daga tsaunukan Jos ya taso. A sama ana ce da shi Bunga, a ƙasa kuma Jama'are, kafin ya haɗu da Kogin Haɗeja su zama Kogin Yobe, wanda ya nufi Tafkin Chadi. Shi na Haɗeja an daɗe da yi masa linzami, da dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992. Wannan kuwa babu wani babban dam da ya tare shi. Na Kafin Zaki da aka tsara a Jihar Bauchi ya sha tsayawa saboda kukan mutanen da ke ƙasan ruwa. Shi ya sa kogin ke bin lokacinsa. A watan Agusta da Satumba ya cika ya malala cikin fadamu, kifi ya bi shi ya yi ƙwai a cikin ciyawa. Da kaka ruwa ya fara janyewa, kakar masunta ta kama ke nan. Da rani kuwa sai yashi fari fat da 'yan gurabun ruwa nan da can.

A nan babu jirgi mai tafiya da iska irin na finafinan Turawa. Kwalekwale ne na katako, da doguwar gora ta turawa. Darasin farko ga ɗan koyo shi ne zama. A tsakiya ake zama, a ƙasa, ba a miƙewa da garaje, ba a leƙe ta gefe guda. Wanda ya ga kwalekwale ya karkata ya zabura, to shi ne zai kifar da kowa. Idan yaro ya ce, "Baba, yaushe zan jefa?" amsar ba ta wuce, "Yaro, koyi zama tukuna."

Daga nan sai fatsa: ƙugiya da zare da tana, sai haƙuri. Bayan ita sai birgi, wato ragar nan mai dalma a baki da ake wurgawa ta buɗe kamar faifai. A ido abin wasa ne, amma jifan farko na ɗan koyo a dunƙule yake faɗawa, kifi ya watse, masunta su yi ta dariya. Akwai kalli da ake shimfiɗawa da yamma a duba da asuba, akwai gura da ake girkewa kifi ya shiga ya kasa fita, ga kuma koma, wadda aka san ta a karin maganar nan ta kifi na ganinka mai jar koma.

Kamawa rabin aiki ne. Sauran rabin yana hannun mai wuƙa, kuma kowane kifi da irin gyaransa. Karfasa mai ɓawo ce, ana kankare ta daga wutsiya zuwa kai. Tarwaɗa ba ta da ɓawo, yauƙi gare ta, sai a murje ta da toka, ko a zuba mata ruwan zafi ko lemun tsami har ta daina santsi. Kurungu kuwa ƙayoyi uku gare shi, ɗaya a baya, biyu a gefe, kuma sukarsu ba ta da daɗi. Gwani kan karye su tun kafin ya jefa shi cikin jirgi. Ita minjirya ba a yi mata gaggawa, don kuwa girgiza mutum take yi kamar ya taɓa wayar lantarki.

Wajen farke ciki ake gane gwani. Wuƙa ba ta nitsewa da zurfi, saboda matsarmama. Idan ta fashe, ɗaci ya gauraye naman, miya ta ɓaci. A cire hanji, a wanke jinin da ke manne da ƙashin baya, a kuma yi shi da wuri, domin zafin ƙasar nan ba ya ɗaga wa ɗanyen kifi ƙafa. Wanda ba a sayar ba sai banda: a lanƙwasa tarwaɗa, a soke kai da wutsiya da tsinke, a jera a kan waya, hayaƙi ya yi ta aikinsa har ta yi ƙamshi ta bushe. Irin wannan kifin ne ke iya jure tafiya zuwa kasuwa irin ta Sara.

To, amma fa sana'ar tana da abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya. A kogunan Arewa da dama, wasu kan mayar da gidan sauro ragar su, su kwashe har 'ya'yan kifin da ba su kai yatsa ba. Wasu kuma maganin ƙwari suke zubawa, kifi ya taso a mace, a kai wa jama'a su ci. Mai yin haka abincin baɗi yake cinyewa bana. A al'adar su ta ƙasar Hausa, Sarkin Ruwa ne ke faɗin ranar da za a shiga gurbi da ranar da za a bar shi ya huta, kuma duk inda maganarsa ta daina tasiri, masunci ne ke fara ji a jikinsa.

Saboda haka ƙalubale gare ku furodusoshi da daraktoci. Ga lokeshin an shirya shi tun fil azal, ga duwatsu, ga ruwa, ga labarin uba da ɗa a cikin jirgi guda. Sai dai duk jarumin da za a ba matsayin masunci, a kai shi ya yi ko da mako guda ne a hannun masu abin, da rigar kariya a jikinsa. 'Yan kallo na Gwaram sun san riƙon birgi, kuma da jifa ɗaya za su gane wanda ya koya da wanda ya zo ɗaukar hoto.