Layin da Ba na Gwamnati Ba: Wa Zai Biya Idan Santsi Ya Kayar da Mutum?

Hunturuna na farko a Amurka na yi shi ne ina haya a wani ƙaramin gari na jihar Massachusetts, a kan wani layi mai gidaje shida. A bakin layin akwai allon da ke nuna cewa hanyar mallakin masu gidajen ce. Ban damu da shi ba sai ranar da dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba, motocin hukuma suka share babban titi suka wuce mu.

Wani dattijo maƙwabcinmu ne yake share mana layin da motarsa, bai taɓa karɓar ko sisi ba. Wata safiya a watan Janairu, santsi ya kwashi wani mai kawo saƙo a tsakiyar layin, ya karye a hannu. Ba a jima ba takardar lauya ta iso kowane gida, aka wayi gari kowa na tambayar wanda ya share hanyar a ƙarshe. Dattijon da ya yi don zumunci shi ya fi kowa shiga zullumi.

Da na bi diddigi, sai na gano tushen abin. A da, dokar jihar ba ta ɗora wa mai wuri alhakin dusar da ta taru da kanta. A shekarar 2010, kotun ƙolin jihar ta soke wannan sassauci, a shari'ar wani mutum da ya faɗi a wurin ajiye motoci na kantin Target da ke garin Danvers. Tun daga nan wajibi ne mai wuri ya yi iya ƙoƙarin da hankali zai ɗauka wajen kawar da haɗarin. Idan hanyar ta mutum shida ce, ana iya jawo dukansu kotu.

Bayan haka ne masu gidajen suka zauna suka rubuta yarjejeniya, suka shigar da ita ofishin rajistar filaye don ta hau kan duk wanda zai sayi gida nan gaba. Suka ɗauki ɗan kwangila mai inshora, suka sa ya ambaci ƙungiyarsu a cikin takardar inshorarsa. Suka amince zai fito da zarar dusar ta kai inci 2. Suka tanadi yashi, domin gishiri ba ya narkar da ƙanƙara sosai idan sanyi ya tsananta. Sannan suka buɗe littafin da ake rubuta ranar da sa'ar kowace shara, saboda kotu hujja take nema, ba kyakkyawar niyya ba.

Ni da na tashi ina ganin aikin gayya, da farko na ɗauki wannan a matsayin mutuwar zumunci. Daga baya na sake tunani. Rashin rubutun ne ya bar mutum guda ɗauke da nauyin gidaje shida, mu kuma muna biyansa da godiya. Da aka raba nauyin a takarda, dattijon ya huta da fargaba, gaisuwar safe kuma ta dawo layin kamar da.