Istanbul Ba Ɗan Rakiya

Da na ce zan je Istanbul ni kaɗai, ba cikin ayarin 'yan yawon buɗe ido ba, ƙanwata ta ce, "Yaya, wa zai yi maka tafinta?" Babu kowa. Abin da ya riƙe ni a garin nan kati ne da layin jirgi ɗaya.

Katin shi ne Istanbulkart. A na'ura ake saye, a zuba masa kuɗi, da shi za ka shiga bas, jirgin ƙasa, har jirgin ruwa. Layin kuwa T1 ne, ɗan jirgin da ke bin tsakiyar titi. Yana ratsa Aksaray, ya bi ta Laleli inda 'yan kasuwarmu ke sarin sutura, ya tsaya Beyazit a bakin Babbar Kasuwa, ya wuce Sultanahmet, ya gangara Eminonu, ya haye gadar Galata. Ka kama masauki kusa da shi. Ko ka ɓata, ka nemi titin jirgin, zai kai ka gida. Katin otal ɗinka ya zauna a aljihu, hoton fasfo a waya.

A Aya Sofiya na ga amfanin zuwa ni kaɗai. Ginin nan tun 537 yake tsaye, a 2020 aka sake mayar da shi masallaci. Ayari kan shigo, jagora a gaba da 'yar tuta, kafin su gama ɗaga kai an ce su fito. Ni kuwa na yi azahar, na miƙe ƙafa a kan kafet, ba mai kiran sunana. Haka na yi a masallacin Sulaimaniyya, aikin Mimar Sinan da aka kammala a 1557, wanda a ganina ya fi Shuɗin Masallaci daɗin zama, don ba cunkoso.

Sai dai wanda ba shi da jagora shi ne mai gadin kansa. A gadar Galata mai gogar takalmi ya wuce ni, burushinsa ya faɗi. In ka ɗauka ka miƙa masa, zai ce sai ya goge maka don godiya, daga baya ya tsuga kuɗi. Na yi gaba abina, ya dawo ya tsinci kayansa. Ka tabbata mai tasi ya kunna mita kafin ku tashi. Kada ka ajiye cefanen tsaraba sai Lahadi, ranar Babbar Kasuwa a rufe take.

Tsallakawa ɓangaren Asiya na garin ma ba sai an biya kuɗin yawon mashigin Bosforos ba. Daga Eminonu na shiga jirgin ruwan Uskudar da katin nan, cikin ma'aikata masu komawa gida, na sayi shayi a ɗan kofin gilashi, kafin ya huce mun sauka.