Ina Ake Zuwa Jaje Idan Unguwar Duka Ta Ƙone?

A cikin aljihun jakata har yau akwai wata 'yar takarda mai lamba. Rabinta ce a hannuna, ɗaya rabin an ɗaura shi a jikin wani takalmi sau-ciki da na taho da shi daga Kano, wanda dundunniyarsa ta cinye. A makon farko na watan Janairun 2025 na kai shi wani shagon gyaran takalmi a Altadena, garin da ke gindin duwatsun San Gabriel a jihar Kalifoniya ta Amurka. Aka ce in dawo ranar Juma'a. Daren Talata wuta ta sauko daga dutse.

Shagon na iyali guda ne. Dattijon yana can ciki tsakanin injuna, uwargidan tana bakin kanta tana karɓar kaya tana rubuta lamba, ɗansu kuma shi ne mai ɗinkin jakunkuna da sauya zif. Da ka tura ƙofa ƙamshin fata da gam ne zai tarbe ka. Bangon cike yake da sanarwa: mai neman ɗakin haya, mai cigiyar kyanwa, coci mai shirin taro. A ƙasar da ba a san zaman majalisa a ƙofar gida ba, wannan shago shi ne abin da na gani mafi kama da ita. Mutum zai zo karɓar takalmi ya yi rabin sa'a a tsaye, ana tambayarsa jikin mahaifiyarsa da karatun 'yarsa.

Tun zuwana na farko nake auna sana'ar da irin tamu. A gida mai gyaran takalmi shi ke nemanka. Za ka ji ƙwanƙwasar akwatinsa tun daga bakin layi, ko ka tarar da shi a gindin bishiya, ko bakin masallaci, ko tasha. Ya miƙo maka silifa ka sa, ka zauna a benci, ya zaro basilla da zare, kafin ku gama gaisawa ya ɗinke. Da yawansu 'yan ci-rani ne da ke shigowa birni bayan an kai amfanin gona gida. Ko dukawan da suka gaji sana'ar kaka da kakanni, masu cika Kasuwar Ƙofar Wambai da takalma da jakunkuna, rabin jarinsu a yatsunsu yake. Duk abin da ɗan shushaina ya mallaka na sana'a zai iya rataya shi a kafaɗa ya gudu da shi.

A nan kuwa sana'ar a kafe take wuri guda. Akwai injin ɗinka tafin takalmi, da dogon injin gogewa mai cin bango guda, da ƙaramin keken da ke shiga lungun takalmi. Dattijon ya taɓa gaya mini cewa wasu injunan sun girmi ɗansa, kuma idan wani ƙarfe ya karye sai an yi ta cigiya a wajen waɗanda suka rufe shago. Ga kuɗin haya, ga lasisi, ga haraji. Kuɗin sauya tafi yakan wuce farashin sabon takalmi mai araha, don haka ba kowa ke kawo gyara ba, sai mai takalmin da yake ƙauna ko mai ƙafar da ba kowane takalmi ke karɓa ba. Irin waɗannan shaguna ƙarewa suke yi a Amurka, domin 'ya'ya ba sa son gadon su. Wanda ya rage a unguwa ana riƙe shi kamar tsohuwar rijiya.

Wutar ta tashi ne da yammacin 7 ga Janairu a kwazazzabon Eaton. An shafe watanni kusan takwas ba a yi ruwan kirki ba, ciyayi sun bushe ƙayau, sannan ga iskar da suke kira Santa Ana, busasshiyar iska mai tasowa daga hamadar cikin ƙasa ta gangaro bakin teku. Duk wanda ya san hunturu ya san halinta, sai dai wannan ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ita ce ta riƙa ɗaukar garwashi tana jefa shi can gaba a kan rufin gidaje, gidajen kuwa yawancinsu na katako ne. Kafin a shawo kanta ta cinye gine-gine fiye da 9,400, ta kashe mutum 19. Kusan dukan mamatan a yammacin titin Lake suke, ɓangaren da saƙon a tashi a gudu bai iso ba sai cikin tsakar dare. Makarantu sun ƙone, coci-coci sun ƙone, masallacin Al-Taqwa ma bai tsira ba.

Wannan ɓangare na yamma yana da tarihi. A shekarun da ake hana baƙar fata sayen gida a yawancin unguwannin yankin, nan ne ɗaya daga cikin wuraren da ƙofa ta buɗe musu, musamman daga shekarun 1960 zuwa 1970. Suka saya, suka biya da gumi, suka bar wa 'ya'ya da jikoki. Gidan da ya ƙone a nan sau da yawa shi ne dukan abin da zuri'a ta tara cikin shekara hamsin.

Da ƙura ta lafa, abin da ya fara zuwa raina shi ne jaje. Mu a wajenmu gobara ba ta wuce kwana ba a cika gidan mai ita ba. A je da ƙafa, a zauna a tabarma, a ce Allah ya mayar da alheri, Allah ya kiyaye gaba, a tura ɗan abin da ya samu ƙarƙashin tabarma ko cikin tafin hannu. Ba a neman izinin zuwa. To amma ni ina zan nufa? Shekara huɗu ina mu'amala da masu shagon ban san gidansu ba, domin a nan ba a tambayar mutum inda yake kwana. Lambar wayar da na sani ta shagon ce, ita ma ta bi wuta. Sojoji da 'yan sanda sun tare hanyoyin shiga garin. Na rasa ƙofar da zan yi wa sallama.

Kada a ɗauka mutanen nan ba su da tausayi. Na ga tudun tufafi da ruwa da barguna a filin sukuwar dawaki na Santa Anita, na ga masu gidajen abinci suna dafawa kyauta, na ga zauren taro na Pasadena ya koma masaukin waɗanda suka tsere. Amma taimakonsu yana da hanyarsa. Ana buɗe wa iyali shafi a GoFundMe da hotonsu da labarinsu, wanda ya san su da wanda bai taɓa ganinsu ba kowa ya tura abin da zai iya ta waya. Hukumar agajin gaggawa ta FEMA ta ba da takardu a cike. Kamfanin inshora ya ce a lissafo duk abin da ya ƙone, tun daga inji har zuwa ƙusa, kowane da farashinsa. Mutumin da bai gama kuka ba aka miƙa masa biro.

Na tuna gobarar Kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, wadda ta lashe dubban shaguna. Toka ba ta gama hucewa ba mutane suka fara kafa tebur da lema a kan kangonsu. Ubangida ya ba yaronsa kaya bashi ba takarda, mai bin bashi ya ɗaga ƙafa, 'yan adashi suka ce wane ya fara kwasa. Abin da ya sa haka ta yiwu shi ne kasuwa ce ta ƙone, gidaje suna nan. Mai shago ya koma ya kwana a ɗakinsa, maƙwabta suka kewaye shi, masu sayen kayansa kuma ba su je ko'ina ba. Sai dai kada mu rufe ido ga rauninmu. Kaɗan ne ke da inshora, ko da irin ta takaful da malamai suka amince da ita. Da yawa a shago suke ajiye kuɗinsu. Akwai attajiran da gobara ɗaya ta zaunar da su har abada, kuma babbar kasuwar Taminus ta Jos da ta ƙone a 2002 ta shafe shekaru ashirin tana kango. Jaje yana sanyaya zuciya, amma ba ya tayar da gini.

A Altadena kuwa takarda tana nan, mutanen ne suka watse. Wutar ta haɗa shago da gidajen masu kawo masa aiki ta cinye. Wannan yana otal, wancan ya koma wajen 'yarsa a wata jiha. Inshorar ma ba kowa ta wadatar ba, domin tun kafin gobarar wasu kamfanoni sun daina sabunta wa dubban gidaje a Kalifoniya, wasu kuma abin da aka ba su bai kai kuɗin gini ba. Masu sayen fili suka fara zagaye, har mazauna suka kakkafa alluna a kan tokarsu cewa Altadena ba ta sayarwa ba ce. Mai shagon haya kuwa sai ya jira abin da mai gini ya yanke. Ko an biya shi kuɗin inji, wa zai biya shi matar da ta shekara talatin tana kawo masa takalman zuwa coci?

Bayan wata biyar na ga dattijon a wata kasuwar ƙarshen mako a Pasadena. Yana zaune ƙarƙashin lema, gabansa ɗan tebur, da basilla da zare da guduma da gwangwanin gam. Mutumin da ya yi rayuwarsa tsakanin injuna ya koma kamar ɗan ci-ranin bakin tasha. Na tsaya na riƙe hannunsa da hannu biyu, na kira shi Baba kamar yadda na saba, na yi masa jaje irin namu, na fassara masa addu'ar kalma kalma. Uwargidan ce ta fara ba ni haƙuri a kan takalmina, har launinsa ta tuna. Na ce mata ni na zo ba su haƙuri.

Na zauna a kujerar roba kusa da shi har la'asar. Tsofaffin maƙwabta suna ta zuwa daga garuruwa daban-daban, wasu da takalmin da bai ma lalace ba. Kowa ya miƙa nasa sai ya tambayi inda wance ta koma, ko wane zai sake gini. Uwargidan tana rubuta sababbin lambobin waya a bayan takardun lamba tana miƙa wa masu cigiyar juna. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Ranar na ga mutanen da ba su taɓa jin wannan magana ba sun yi tafiyar sa'a guda don su cika ta. Kafin in tashi na tuɓe takalmin ƙafata na miƙa masa, na tambaye shi inda suke zaune yanzu. Ya gaya mini, na rubuta a bayan tsohuwar takardata.