Zuwa Da Wuri

Tun muna aji ɗaya malaminmu na adabin baka ya ba mu aikin gida a kan karin maganar nan da ke cewa zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri. Na cika shafi biyu ina bayani, na ce wuri na farko shi ne wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi, wato kuɗi ke nan, na biyu kuwa sammako ne. Malam ya ba ni maki mai kyau, ni kuwa na ɗauka na gama da wannan karin magana har abada. Ashe akwai wani wuri na uku da ban sa a lissafi ba, shi ne wurin da mutum zai ajiye motarsa. Wannan kuwa ba a aji na koye shi ba, a bakin tashar jirgin ƙasa ta Rigasa na koya, kuma da gumin goshina.

Duk ɗalibin da ke cikinmu a lokacin zai tuna ran 14 ga Fabrairu, 2022, ranar da malaman jami'o'i suka shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai Oktoba. Na tattara 'yan littattafaina na koma Tudun Wadar Kaduna, gidan kawuna, inda na tashi tun ina ƙarami. Kawu yana da rumfar atamfa da shadda a kasuwar Wuse ta Abuja. Da can yakan yi mako guda cur a can kafin ya leƙo gida, amma a wannan shekara matarsa, wadda muke kira Inna, ta sami shanyewar ɓarin jiki, ya ce shi kam ba zai iya kwana nesa da ita ba. Sai ya zama kullum, ban da Juma'a da Lahadi, zai bi jirgin safe ya tafi, ya biyo na yamma ya dawo. Idonsa kuma ba ya gani sosai da dare, saboda haka tuƙi ya faɗo kaina, tare da ɗaukar jaka da taya shi zama a rumfa.

Wani zai ce, to me ya hana ku bin mota? Wanda ya san hanyar Kaduna zuwa Abuja a waɗannan shekaru ba zai yi wannan tambaya ba. Masu satar mutane sun mai da wajen Rijana da Katari tamkar kasuwarsu. Tun da aka buɗe wannan dogo a Yulin 2016, mai tsawon kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa, sai duk mai halin sayen tikiti ya bar kwalta ya koma tarago. Ɗan kasuwa, ma'aikaci, ɗan majalisa, har da manyan masu kaki, kowa jirgi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, yawancin waɗannan mutane da mota suke zuwa tasha, mota kuwa ba ta shiga tarago. Dole a sama mata inda za ta yini.

Tamu motar tsohuwar Peugeot 504 ce, wadda kowa ya sani da fijo, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kakuri, inda masana'antar ta fara aiki tun 1975. Ta girme ni nesa ba kusa ba. Kawu yana ji da ita kamar 'yar fari. Sitiyarinta sai ka sa ƙarfi biyu kafin ya juya, giyar ribas kuwa sai an lallashe ta. A buɗaɗɗen titi ba ta da laifi, amma a ce a cusa ta tsakanin motoci biyu, nan ne direba zai san ya ci tuwo ko bai ci ba.

Jirgin farko yana tashi kafin bakwai na safe. Muna sallame sallar asuba, Kawu zai leƙa ɗakin Inna ya tofa mata addu'a, mu kama hanya. Daga Tudun Wada zuwa Bakin Ruwa ba wani nisa, amma daga nan ne ake shiga cikin Rigasa sosai, kuma kowa ya san yawan jama'ar wannan unguwa. Ga masu Keke Napep, ga 'yan acaɓa, ga masu tura ruwa a kura, ga kuma layin motoci a gidajen mai, don a watannin nan ne aka yi wahalar fetur bayan an shigo da gurɓataccen mai ƙasar. Kafin mu hango tasha Kawu ya duba agogo ya fi sau goma.

A ranar farko na ɗauka sammakonmu ya isa. Muka tarar harabar tasha ta cika maƙil, wai kana sammako wani a tafe ya kwana. Daga baya na gane da yawa daga cikin motocin nan ba na ranar ba ne, na waɗanda suka tafi tun Litinin ne ba za su dawo ba sai Juma'a. Wasu kuma manyan motoci ne masu baƙin gilashi, da direba a ciki ya kwantar da kujera yana barci, ya tare wuri yana jiran maigidansa. Muka fito waje, muka zaga, muka sake zagawa. Duk inda na hango 'yar kafa, ina isa sai in ga an dasa dutse ko tsohuwar taya, wani saurayi ya taso ya ce wurin yana da mai shi. A ƙarshe can nesa na jingina ta a bakin lambatu, muka rugo da gudu, Kawu da babbar riga a hannu yana haki. Da kyar muka shiga. Da dare muka dawo muka tarar an ɓalle madubin gefe.

Haka muka yi kusan mako biyu. Ran nan an toshe mu ta gaba da ta baya, sai da muka zauna har goma na dare kafin mai motar ya zo, ko haƙuri bai ba mu ba. Wata rana kuma muna cikin zagaye muka ji jirgi ya yi kuka ya tashi, tikiti biyu da muka saya ta waya suka bi ruwa, rumfa ta yini a rufe. Kada mai karatu ya ga kamar ƙaramin abu ne. Kuɗin maganin Inna da na mai gasa mata jiki daga cinikin yau da gobe suke fitowa. Ranar da muka rasa jirgi Kawu bai ce mini komai ba har muka iso gida, wannan shirun kuwa ya fi mini zafi a kan faɗa.

Wanda ya fid da mu wani mai shayi ne da ke kafa teburinsa a gindin wani dogon yaro, 'yar tafiya kaɗan daga ƙofar tasha. Ya ga wahalarmu, ya kira ni ya ce, "Ɗan makaranta, ku kullum sai ku yi ta kewaye kamar masu ɗawafi? Gaya wa Baba ya zo mu yi magana." Aka yi magana. Shi zai riƙa gitta bencinsa a inuwar itacen, in mun iso ya janye, ya kuma sa ido a kan motar har mu dawo. Kawu zai riƙa ba shi ɗan abin da ya sawwaƙa, mu kuma sha shayi a wurinsa. A nan na tuna da aikin gidan nan nawa, na ce lalle masu iya magana ba su yi ƙarya ba. Amma don Allah kada a ɗauka kuɗin ne kaɗai. Akwai masu ba da fiye da namu, mai shayi ya ƙi su, ya ce shi ba ya karɓar amanar wanda ba ya gaishe shi.

To, ashe inuwar nan tana da wani mai so. Wani Alhaji ne mai jar mota, ƙaƙƙarfa, mai yawan fara'a in ba a kan wuri ake magana ba. Ya ce shi ya fi shekara yana ajiye mota a gindin itacen nan tun kafin mai shayi ya san da mu, tafiya Umara ce ta sa aka daina ganinsa. Mai shayi ya rasa yadda zai yi, don dai gaskiya Alhaji ya riga mu, mu kuma an riga an yi mana alkawari. Sai ya yanke hukunci irin na mai gudun rigima, ya ce wanda ya fara isowa shi ke da wuri.

Daga ranar aka shiga tsere. Dattawa biyu, kowanne ya aurar da 'ya'ya, suka koma kamar yara a layin famfo. Kawu ya fara tashina tun kafin kiran assalatu, muka koma yin sallar asuba a wani masallaci kusa da tasha. Alhaji ya gane, shi ma ya dawo nan, har ya zama ana sallamewa ba mai tsayawa dogon lazimi. In mun riga shi, zai tsaya ya sauke gilashi ya ce, "Alhaji, yau kun yi sa'a, a gai da ɗan direba." In ya riga mu, Kawu zai ce, "Allah ya sa alheri," amma ni da ke kusa da shi ina jin abin da yake ƙarawa ƙasa-ƙasa. Sau ɗaya muka iso tare, hanci da hanci. Na ga zan sha shi, na taka mai, fijo ta yi tari ta mutu a tsakiyar hanya. Alhaji ya shige abinsa, ya fito, ya zo ya taya mu turi yana dariya. Kawu ya yi kwana uku yana mitar wannan turi.

Abin mamaki, a cikin jirgi sau da yawa tarago ɗaya muke shiga, su yi ta hirar tsadar kaya da siyasa, har goro suke raba wa juna. Rigimar ba ta wuce gindin dogon yaro.

Ran Litinin 28 ga Maris ba mu je ba, don ranar ce likita ya sa za a duba Inna. Da safe Kawu har ya yi wasa ya ce yau Alhaji zai ci karensa ba babbaka. Bayan sallar isha'i waya ta fara kuka ko'ina a unguwa. 'Yan bindiga sun dasa bam a kan dogo wajen Katari, sun tsai da jirgin yamma da ya taso daga Abuja, sun buɗe wuta. Wannan shi ne jirgin da muke biyowa kullum. An kashe mutum aƙalla 8, an tafi da fiye da 60 cikin daji. Kawu ya zauna a bakin gadon Inna, ya riƙe hannunta mai lafiyar, bai runtsa ba har gari ya waye.

Da safe ya ce in ɗauko mota. Na ce, "Kawu, ina za mu? Ai an tsai da jirgi." Ya ce, "Mu je dai in ga ko jar motar nan ta tafi."

Ba ta tafi ba. Tana nan a inuwa, ganyen dogon yaro ya zubo a kan gilashinta. Ba ita kaɗai ba, akwai wasu nan da can da ba a zo an ɗauka ba, mutane kuwa sun yi cirko-cirko a ƙofar tasha, kowa da waya a kunne. Wuri kuma ga shi nan ko'ina, na ajiye fijo yadda na ga dama ba tare da na sa ribas ba. Sai a lokacin muka lura duk tseren nan da aka yi, Kawu bai taɓa karɓar lambar Alhaji ba. Mai shayi ne yake da ita, ya kira ya kira, a kashe.

Sai ran Laraba ƙanensa ya zo ya shaida wa mai shayi cewa yana da rai, harsashi ya same shi a ƙafa, yana kwance a asibiti, makullin motar kuma ya ɓace a daren tare da jakarsa. Kawu ya sa na ciro tamfol ɗin da muke rufe fijo da shi, muka lulluɓe jar motar, muka danne gefe-gefe da duwatsu. Ciniki ya mutu a bakin tasha, mai shayi yana shirin ƙaura da teburinsa, Kawu ya roƙe shi ya ƙara haƙuri, ya ci gaba da ba shi abin da ya saba ba shi kullum har aka zo da makaniki aka ɗauke ta, kwana goma sha ɗaya. Azumi ya kama a cikin kwanakin, da 'yar kunu da ƙosai muka je duba Alhaji. Yana ganinmu ya ce, "Wa ke gindin itace yanzu?" Kawu ya ce, "Kai ne, ka ƙi tashi."

Waɗanda aka sace kuwa, na ƙarshensu mutum 23 ba su fito ba sai 5 ga Oktoba. Jirgi bai dawo aiki ba sai 5 ga Disamba. A tsakanin nan Kawu ya bar rumfa a hannun yaronsa, ya zauna jinya, jari ya yi ƙasa sosai. Ni kuma da aka janye yajin aiki na koma makaranta.

A hutun da ya biyo baya na sake kai Kawu tasha. Jama'a sun fara dawowa, duwatsu da tsofaffin tayoyi sun koma inda suke, mai shayi ma ya dawo da bencinsa. Muna karyo kwana sai ga jar mota ta ɗaya ɓangaren, ɗansa ke tuƙi, Alhaji na gefe da sanda tsakanin ƙafafunsa. Muka tsaya, suka tsaya. Kawu ya leƙa ya ce, "Bismilla, Alhaji, ku shiga." Alhaji ya ce, "Wallahi ba za a yi haka ba, ku ne za ku shiga." Kawu ya ce ai mai ciwon ƙafa ya fi cancanta da kusa. Alhaji ya ce wanda ya rufe masa mota da tamfol ɗinsa ba zai bar tasa a rana ba. Mai shayi ya riga ya janye benci, ya tsaya riƙe da shi yana kallon wannan yana kallon wancan. Suna cikin haka wani yaro da 'yar ƙaramar mota ya kutso ta tsakaninmu, ya shige inuwar, ya kulle, ya saɓa jakarsa ya nufi ƙofar tasha ko waiwaye bai yi ba.

Ranar can bakin lambatu muka ajiye, mu da su, ɗaya bayan ɗaya. Ni na ɗaukar wa Alhaji jaka.